Ƙwaya Sha Ɗaya Cikin Ɗari

Shafi na 23

"A'a, Mushe, tsaya nan inda kake, zauren ya ishe ka. Ka ce wajen ɗana ka zo? To ga uwarsa, ita ta riga shi zuwa duniya. Maimaita abin da ka ce, kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki."

Inna Hajara ko kai ba ta ɗaga daga tsintar wakenta ba. Daga gindin dogon yaron da take zaune, ba abin da take gani na baƙon sai takalmansa ta ƙarƙashin labulen zaure. Baƙaƙe, sun sha man siraji, sai ƙyalli suke kamar ba ta lungunan Birni suka biyo ba.

Muryar ta sake fitowa, a hankali, irin ta mutumin da ya saba a saurare shi.

"Inna, cewa na yi Illa ya tona sirrin biro."

"Da me?"

"Da hoton da ya sa a Fesbuk."

"Zainaba! Kawo wayar nan in sake gani. Wataƙila idona ne."

Zainaba, matar Illa, ta fito daga madafa tana goge hannu da gefen zane, ta miƙa mata waya. Inna ta riƙe ta nesa da fuska. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Baƙi ƙirin. Daga sama har ƙasa, kamar gindin tukunya. Mushe, in wannan ne sirrin gwamnati, ai ni kullum shi nake kankarewa da toka."

Zainaba ta toshe baki da hannu.

Na ga akwai baƙin da suka shigo mana jiya-jiya suna tambayar wane ne wane. To ku matso, sau ɗaya zan faɗa, ba ni da yawun maimaici.

Illa ma'aikaci ne a biro, wato ofishin da ke raba wa manoma irin shuka, nan Damagaram. Ranar da aka ɗauke shi aiki ya sa hannu a wata takarda: abin da ya gani a biro ba zai faɗa ba, abin da ya rubuta kan aikin kuma sai ya aika Yamai wani komisyon ya duba kafin wani ido ya gani. Ubansa, marigayi Ɗanƙarami, shi ke riƙe da makullin magaza, ɗakin ajiyar iri, a biron nan shekara goma sha huɗu da suka wuce, shekarar da aka raba irin gero a ƙauyukan Dogo da Guna, aka shuka, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi shiru. Aka ce mai makulli ne ya sayar da iri mai kyau ya ɗura tsohon gero a buhunan. Aka kore shi. Bai ga damina biyu ba bayan nan. Illa ya tono dosiye, tsoffin takardun maganar, ya rubuta ɗan littafi don wanke ubansa, ya aika Yamai kamar yadda takarda ta ce. Wata bakwai littafin ya yi can. Ya dawo an bi shi da baƙin alƙalami layi-layi. Haushi ya sa Illa ya ɗauki hoton shafi guda ya watsa. Shi ne yau bayan la'asar shef ɗinsa, shugabansa a biro, Mushe Abdul'aziz, ya tako har gida.

To mu koma.

Illa na tsaye jikin randa, littafin a hannunsa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Illa, na san kana ji na," in ji muryar zaure. "Ga takarda na zo da ita. Ka sa hannu ka janye littafin, ka goge hoton, ka ba ni kayen, kundin nan da ka rubuta da hannu. Gobe ƙarfe tara in ba ta kan teburina, dosiyenka ya wuce hannuna. Daga nan sai justis. Ka kuma san inda justis ke kai mutum."

"Kaso," in ji Inna. "Kama sunansa mana, ai ba surukinka ba ne."

"Shef," Illa ya ce, "sunan ubana suka shafe. Sunan ubana! Sau arba'in da ɗaya."

"Da uku," in ji Inna. "Gajerun nan masu tsawon ɗan yatsa ba su ne ka nuna mini ba? Na ƙirga. Ka bar biyu a bangon baya."

Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake, kaza ta bi shi.

"Amma fa Yamai ta yi abin kirki. Ni ban taka lakwal ba, wannan kuwa ya ƙone fitila shekara goma sha bakwai. Yau karatunmu ɗaya. Na duba littafin ban gane komai ba, shi ma da ya rubuta ya duba bai gane ba. Allah Ya saka musu, sun daidaita uwa da ɗa."

Wannan. Haka take kiransa, ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

"Inna, ba mugunta ba ce," in ji Abdul'aziz. "Biro kamar gida ne. In kowane ma'aikaci zai kwashi abin da ya gani ya baza a kasuwar Dole, wa zai ƙara yarda ya kawo mana maganarsa? Kuma ba wanda ya tilasta shi. Da hannunsa ya sa."

"Wannan gaskiya ne."

Illa ya juyo da sauri. "Inna!"

"Rufe mini baki, da manya nake. Gaskiya ya faɗa. Gidan da ba sirri ba gida ba ne, tasha ce." Ta karkaɗe faifai. "Sai dai, Mushe, akwai tukunyar da ake rufewa don kar ƙuda ya faɗa, akwai wadda ake rufewa don kar maƙwabta su ji wari. Wacce ce taku?"

Takalman suka ɗan motsa. Na dama ya hau kan na hagu, ya sauka.

"Ban zo gardama ba, Inna."

"Na sani. Tambaya ɗaya. Takardar nan ta riƙe baki, kowa a biron ya sa mata hannu?"

"Kowa. Daga direkta har falanto mai kai saƙo."

"Har mai shara?"

Takalman suka ɗan ja baya.

Shekara goma sha tara Inna Hajara ta yi tana sharar biron nan. Ta san teburin da ke da ƙafa gajera, ta san wanda ke ɓoye goro a dirowa, ta san wanda ke barci da jarida a fuska. Su kuwa abin da suka sani nata tsintsiya ce.

"Na tuna ranar da aka zo da takardun," ta ce. "Na goge babban yatsana da zane, na shiga layi ina murna, yau za a san da ni a gwamnati. Da na iso, sakatare ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, ke Inna je ki abinki, ke da ba ki karatu, me za ki gani? Na koma na ɗauki tsintsiyata. Har kuka na so yi."

Ta ture faifan gefe.

"Azizu."

Takalman suka tsaya cak. Rabon da a kira shi haka tun yana da gashi a tsakar kai.

"Ka tuna wani stajiya, ɗan koyon aiki siriri, mai takalmin roba, wanda ba ya cin komai da rana sai na raba furata biyu?"

"Na... na tuna, Inna."

"Madalla, ashe komisyon bai shafe wannan ba. Ranar da kamyon iri ya iso, buhunan da ɗinkinsu ko sauke su ba a gama ba, ka soka bututu ka ɗebo. Ka jera ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti. Ka ce, Inna, don Allah ki riƙa yayyafa mini ruwa safe da yamma, zan je Mirriya suna. Kwana bakwai ina yayyafi kamar mai renon jinjiri. Ka dawo muka ƙirga tare, kai da alƙalamin bik, ni da tsinken tsintsiya. Nawa suka tsiro?"

Inna ta karkata kunnen dama wajen labule.

"Kunnen hagu ne ba ya ji. Na dama na nan. Nawa?"

"Inna, na yi rantsuwa..."

"To riƙe rantsuwarka, ni zan faɗa. Sha ɗaya. Cikin ɗari. Iri ya iso a mace, tun mai gidan nan bai juya makulli a kansa ba."

Littafin ya suɓuce daga hannun Illa ya faɗa jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin randa.

"Inna... kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ka ji dai da kunnenka."

"Shekara goma sha huɗu! Ana kiransa ɓarawon iri. Ya daina zuwa sahun gaba a masallaci. Ranar jana'izarsa mutanen Dogo, ƙauyen da aka binne cibiyarsa, mutum uku suka zo. Uku, Inna! Kina da wannan a bakinki kika..."

"Zauna."

"Ba zan..."

"Na ce zauna, tsayinka na tare mini iska."

Ya zauna a kan turmi. Zainaba ta matso ta tsaya bayansa.

Inna ta kalli hannuwanta. Da ta yi magana, muryar ba kaifi.

"Da iri ya ƙi fitowa, aka fara neman wanda za a rataya wa. Na je wajen direktan wancan lokaci, na ce ni na ƙirga. Ya sa na rufe ƙofa. Dosiyenka na neman aiki na kan teburinsa, na gane shi da hotonka, wanda kunnuwanka suka fito kamar na zomo. Bai yi mini tsawa ba. Hannu kawai ya ɗora a kai, kamar mahauci na taɓa rago. Ya ce, Hajara, ɗanki yaro ne mai ƙoƙari. Shi ke nan abin da ya ce. Wannan faransancin kam na gane shi."

Illa ya sunkuyar da kai.

"Na dawo na faɗa wa mai gidan nan. Yana zaune nan inda kake. Na ce gobe zan je jandarmari in faɗi abin da na gani, aikin ya sha ruwa. Ya ce, bari. Ni na gama amfani da sunana, shi yanzu zai fara da nasa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe baki ba sai ranar da kai da kanka ka nemi sani." Ta ja numfashi. "Ka ga ni ma na sa hannu. Sai dai tawa takardar tana da ranar ƙarewa."

"To da na fara rubutun me ya sa ba ki..."

"Na jira in ga ko Yamai za ta ji kunya. Wata bakwai ina jira."

"Kujerar da nake zaune a kai," Illa ya ce, kamar da kansa yake, "ashe da sunan Baba aka saye ta."

"Kyauta ya ba ka. Ba a mayar wa mamaci kyauta. Share fuskarka, matarka na kallo."

Daga zaure aka yi gyaran murya. Da maganar ta fito, ba ta shef ba ce.

"Inna, na rubuta sha ɗaya. Allah shaida, na rubuta, na buga tampo, hatimin biro, na kai wa direkta. Ya murƙushe ta ya jefar, ya ce in sake wata. Shekarata ashirin da shida, ƙannena shida a wuyana..."

"Na sani, ɗan nan. Na gan ka bayan magaza kana wanke fuska, ba kuma lokacin alwala ba ne. Shi ya sa duk Allah-ya-isan da na raba a shekarun nan, ba ka samu ko ɗaya ba."

Aka ji ya ja hanci.

"Amma Inna, ki yi haƙuri, magana ce ta baki. Direktan ya rasu. Takardar da ke dosiye tasa'in ta ce. Ba wanda zai saurari..."

"Mai shara. Ƙarasa."

"Ba takarda, Inna. A justis takarda ake ji."

"Haka ne. Zainaba, shiga ɗakina. Ƙarƙashin gado, can ƙurya bayan kwallaye, akwai wata 'yar gora da aka liƙe bakinta da toka. Ɗauko. A hankali, ta girme aurenki."

Zainaba ta dawo da gorar, duk yanar gizo. Inna ta fasa liƙin da gindin ludayi, ta zura yatsu biyu, ta jawo wani ƙunshi. Ta kwance shi a cinya. Ƙwayoyin gero ne, jajaye da hodar maganin da biro ke sa wa iri. Ta zube su a faifai, ta shimfiɗa abin da aka ƙunshe su da shi, tana lallashinsa da tafin hannu.

Takarda ce. Ta yi ja, ta yi maiƙo, duk ta yamutse.

Illa ya zabura.

"Kar ka taɓa!" Ta daka masa tsawa har kaza ta tashi. "Ko kallonta kar ka yi. Kai ka sa hannu. Juya ka kalli randa."

Ya juya ya kalli randa.

"Zainaba, ke ba ki ci gwamnati ba, ba ta ci ki ba. Me kika gani?"

"Akwai tampo, Inna. Akwai kwanan wata. Ga lamba a tsakiya..."

"Sanduna biyu tsaye, kamar taɓare biyu a jingine. Wannan ko ni na karanta."

"Akwai suna a ƙasa."

"Bar sunan. Mai shi na ji."

Takalman suka matso har suka taɓa labule.

"Inna, ina kika samo ta?"

"Inda aka aje ta. Kwandon shara. Duk yamma nakan kwashe takardun kwandon in zo in ƙunsa daddawa da kanwa, shekara goma sha tara ba wanda ya ce don me. Wannan ma daddawa ta fara ƙunsa, don kar a gan ni da ita a ƙofa. Ban iya karatu ba, Azizu, amma na san takardar da ta sa namiji kuka."

"Takardar gwamnati ce. Dole ki ba ni."

"Ta gwamnati ce har zuwa lokacin da aka jefa ta kwando. Abin da ya shiga kwando na mai shara ne. Je ka tambayi duk mai sharar da ke Damagaram, daga gubernora, ofishin gwamna, har lakwal ɗin 'yan yara. Ko kuna so mu maido muku duk abin da muka kwashe? Sai ku aiko kamyo."

"Ki saurare ni, don Allah. In ta fito, cewa za a yi Illa ya sato ta daga dosiye. Laifinsa ya ninku."

"Zainaba, kaɗa masa ita ta bakin labule. Riƙe da kyau, kar ki saki."

Zainaba ta je ta kaɗa. Aka yi atishawa a zaure.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "To faɗa mini, dosiyenku daddawa yake wari?"

Wani sauti ya fito daga zauren. Ko dariya ce ko kuka, Allah masani, ni dai ban leƙa ba.

"Me za ki yi da ita?"

"Ranar kasuwar Mirriya 'yan rediyo na zagawa da abin maganarsu, suna neman tsofaffi su ba da labarin noman da. Kullum in sun zo rumfata korarsu nake, suna tare mini masu sayen daddawa. Wannan karon tabarma zan shimfiɗa musu. Mutanen Dogo na nan, na Guna na nan, duk ranar suke shigowa." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma karɓi takardar shef ɗinka ka sa hannu. Ba su littafinsu, ba su kayensu. Baƙi ne dama."

"Wallahi ba zan sa ba, Inna."

"Za ka sa, ka yi kaffara. Ubanka bai ba da sunansa don ka kai shi kaso ba. Kai an ɗaure maka baki, ka yarda, ka ci abinci da shi shekara goma sha huɗu. Riƙe alkawarinka. Ni aka ce je ki abinki."

 Zainaba ta dafa kafaɗar Illa.

"Inna," muryar zaure ta yi ƙasa sosai, "sunana ne a jikinta."

"Naka ne. A ƙarƙashin gaskiya yake, ba a ƙarƙashin ƙarya ba. In ka zo Mirriya ka karanta musu da bakinka, tabarmar ta ishe mu mu biyu. In ba ka zo ba, ba zan ce a karanta sunan ba. Furar da na ba ka ba bashi ba ce."

 Ba ka jin komai sai dakan maƙwabta ta bayan katanga, taɓarya biyu suna amsa wa juna.

Sai Abdul'aziz ya yi ƙoƙarinsa na ƙarshe. Ka ji shi kamar mai karanta abin da aka rubuta masa.

"Ko na so ba zan iya kare ki ba, Inna. Komisyon ya yanke cewa maganar magazinyen nan mai makulli a rufe take. Sunansa kansa yana cikin dosiye. Ba a yarda a ambace shi gaban jama'a ba. Ba ki da izni."

Inna Hajara ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ƙasusuwa na ƙara. Ta gyara ɗaurin zane, ta tako har tsakiyar gida, inda murya ke tsallake katanga.

"Izni. Shekara ashirin da bakwai muna tare, sha biyu yana ƙasa, bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Ko a mafarki mai gidan nan nake ce masa. Ba gwamna ya hana ni ba, ba komisyon ba, kunya ce, irin wadda uwata ta koya mini. Ku kun zo jiya da alƙalami za ku koya mini ɓoye sunansa?"

Dakan maƙwabta ya tsaya.

Ta ɗaga murya, yadda ba ta taɓa ɗagawa ba ko a tallan daddawa.

"Zakari! Zakari Ɗanƙarami, ɗan Hassan na Dogo, mijina. Bai saci iri ba. To, Mushe, na faɗa, unguwa ta ji. Je ka ɗauko baƙin alƙalamin naka ka shafe."